Yadda ake yin alawa mai kama da gilashi

1. A zuba sukari kofi 2, ruwa rabin kofi da ruwan lemun tsami ƙaramin cokali 1 a tukunya mai kauri, a ɗora a wuta, a juya har sukarin ya narke.

2. Da ya tafasa a daina juyawa, in ba haka ba ƙwayoyin sukarin su sake haɗuwa, alawar ta yi gari-gari.

3. A bari zafin ya kai digiri 150 a ma'aunin Celsius. In babu ma'auni, a ɗiga kaɗan cikin ruwan sanyi. Ya karye ƙas, to ya yi. Hattara, ƙunarsa ta fi ta tafasasshen ruwa.

4. A juye a faranti da aka shafa wa mai, a baza. Saurin hucewa ke hana ƙwayoyin jeruwa, sai ya daskare garau.

5. Danshin iskar Legas na sa ta danƙo, musamman da damina. Tana hucewa a rufe cikin kwalba.