Yadda Za Ka Tantance Gwangwanin Sha'ir na Holan Kafin Ka Kashe Ƙishirwa da Shi

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a garuruwa irin su Gumel da Haɗeja da Bichi, duk abin da aka tsamo daga cikin kula mai ƙanƙara ba ya kwantai. A cikin kayan da 'yan tireda ke sarowa daga birni ko daga kasuwannin bakin iyaka, akan ci karo da gwangwanaye masu rubutun waje, masu sauƙin kuɗi, waɗanda ake cewa daga ƙasar Holan aka shigo da su. Idan ka tambaya, mai tireda zai ce maka, "Malt ne, Alhaji," kuma sau da yawa shi ma abin da aka gaya masa ke nan a wurin sari. Inda gizo ke saƙar shi ne, kamfanonin Holan sukan fitar da giya da kuma abin sha marar barasa ƙarƙashin suna ɗaya da tambari ɗaya, don haka tun kafin a zo maganar sanyi ko ɗanɗano, aikin farko shi ne karanta jikin gwangwani.

Ka juya gwangwanin ka nemi inda aka rubuta adadin barasa, wanda yawanci yake tare da alamar kashi cikin ɗari. Idan ka ga 5%, ko wani adadi kusa da haka, to giya ce tsantsa, irin wadda suke kira laga, kuma ka mayar wa mai tireda da abinsa, ka kuma sanar da shi abin da yake sayarwa, domin ban da haramcinta a addini, dokar Jihar Kano da ta Jigawa ta hana cinikinta tun bayan ƙaddamar da shari'a a shekarar 2000. Idan ka ga 0.5%, nan ma akwai abin lura, saboda a ƙasashe da dama doka ta yarda a kira abin sha "marar barasa" alhali yana ɗauke da ɗan wannan adadi. Abin da kake nema shi ne 0.0% a rubuce ɓaro-ɓaro. Launin gwangwani ba hujja ba ne, haka ma hoton zangarniyar sha'ir, domin duka biyun da sha'ir ake yin su.

Ko da an ajiye maganar addini gefe guda, giya ba ta kashe ƙishirwa yadda masu tallarta ke nunawa. Barasa tana rage sinadarin da ke umartar ƙoda ta riƙe ruwa a jiki, shi ya sa mai shanta yake yawan fitsari, kuma mutumin da ya wuni yana zufa a gona ko a kan babur ba shi da rarar ruwan da zai zubar ta wannan hanya.

Sunayen da za ka fi gani ba su da yawa. Bavaria, duk da cewa sunan wani yanki ne na Jamus, na kamfanin iyalan Swinkels ne da ke garin Lieshout a kudancin Holan, kuma tun 1978 yake yin abin sha na sha'ir marar barasa domin kasuwannin Gabas ta Tsakiya. Heineken na birnin Amsterdam ya fito da nasa mai 0.0 a 2017. Shi ne kuma ke da kaso mafi tsoka a kamfanin Nigerian Breweries, mai yin Maltina da Amstel Malta, waɗanda mutanenmu suka saba da su a biki da suna. To amma kada ka zaci ɗanɗanonsu ɗaya. Maltina zaƙi gare ta da kauri, shi kuwa na Holan mai 0.0 tsararo ne, ruwan zinare, yana da kumfa, kuma yana da ɗaci-ɗaci daga wani fure da ake sakawa a ciki mai suna hops. An yi shi ne musamman don ya yi kama da giya a baki, kuma wannan kamannin ya sa wasu malamai ke ƙyamarsa ko da babu ɗigon barasa a ciki. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, ya tambayi malamin da ya yarda da shi tun kafin ya kashe kuɗinsa.

Bayan adadin barasa sai dalilin arahar. Kayan da ya ƙetaro teku, aka biya masa kuɗin fito da na mota har ya iso ƙauye, idan ya zo yana gogayya da na gida a farashi, akwai abin tambaya. Ka duba gindin gwangwani, a nan aka fi buga ranar ƙarewar wa'adi, kuma Turawa suna fara rubuta rana ne, sannan wata, sannan shekara. Ka nemi lambar rajistar hukumar NAFDAC, wadda doka ta wajabta wa kayan ci da sha da ake shigowa da su don sayarwa. Lambar da ke ƙarƙashin layukan nan baƙaƙe, idan ta fara da 87, alama ce ta cewa an yi mata rajista a Holan. Gwangwanin da ya kumbura, ko ya yi tsatsa a baki, ko aka kankare wani sashe na rubutunsa, ka bar shi ko da kyauta ne. Idan kwalba ce koriya wadda ta daɗe a kan tebur rana na dukanta, haske yakan ɓata ɗanɗanonta har ta riƙa wani wari marar daɗi.

Sanyaya shi kuwa, a inda wuta ba ta tsayawa, dabara ce da ba ta buƙatar firji. Hanya mafi sauri ita ce a zuba ƙanƙara a bokiti, a ƙara ruwa har ya rufe gwangwanin, a watsa gishiri cikin tafin hannu ɗaya. Ruwan yana taɓa ko'ina a jikin gwangwani, don haka ya fi ƙanƙara zalla saurin aiki. Idan babu ƙanƙara, akwai tukunya cikin tukunya, wadda Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yaɗa a ƙauyuka har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Ana saka ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin sharkaf, a rufe bakin da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke wucewa. Busasshiyar iskar bazara ce ke sa ta aiki sosai, sai dai a riƙa ƙara wa yashin ruwa safe da yamma. Ba za ta kai sanyin firji ba, kuma irin wannan abin sha idan bai yi sanyi sosai ba ɗacinsa ne ke fitowa gaba, don haka a ganina wanda tukunya kaɗai yake da ita ya fi cin riba idan zoɓo ko kunun aya ya saka a ciki.

Idan ka zo sha, ka wanke saman gwangwanin, domin ya sha ƙura da hannaye a hanya, sannan ka fara da kofi ɗaya ko biyu na ruwan randa. Iskar gas da ke cikin abin shan gwangwanin tana cika ciki da wuri, sai mutum ya ji kamar ya ƙoshi alhali jikinsa bai samu ruwan da yake buƙata ba. Masu ciwon suga su duba adadin sukari a jikin gwangwani, wanda ake rubutawa bisa kowane mililita 100, su tuna cewa gwangwani mai mililita 330 ya ninka wannan sau uku da ɗoriya, kuma giram 4 daidai yake da kusan ƙaramin cokali ɗaya.

Wanda zafi ya riga ya galabaitar, yana jin jiri da ciwon kai, fitsarinsa ya yi ja ya ragu, ba gwangwani ya kamata a miƙa masa ba. A kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi, a jiƙa jikinsa, a ba shi ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali shida na sukari, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, yana kurɓa kaɗan-kaɗan. Idan ya fara sambatu ko ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, a garzaya da shi asibiti mafi kusa ana ci gaba da jiƙa shi a hanya.