Yadda Za a Koyar da Zagayen Ruwa da Magangarar Ruwa a Firamare

Yaro ba ya riƙe darasin zagayen ruwa daga zanen allo kaɗai, sai ya ga ruwa ya tashi ya dawo da idonsa. Kayan gwajin kuwa duk akwai su a kasuwar Sabon Gari ko Tudun Wada a Zariya.

A samo baho mai faɗi, baƙi ya fi kyau don yana jan zafi, da ƙaramin kofin tangaran, da farar leda, da igiyar roba, da tsakuwa ɗaya. A zuba ruwan ɗumi lita 1, a narka gishiri cokali 2, a ba yara su ɗanɗana. A kafa kofin babu komai a tsakiya, a rufe bahon da leda a ɗaure tam, a ɗora tsakuwar daidai saman kofin don ledar ta lotsa. A ajiye a rana daga ƙarfe 10 zuwa 1. Tururi zai taru a ƙasan leda, ya zama ɗigo, ya gangara cikin kofi. Su sake ɗanɗanawa: babu gishiri. Daga nan za su gane abin da ya sa ruwan sama ba shi da gishiri, alhali yawancinsa daga teku ya taso.

Idan kofi ya fito a bushe, a duba ɗaurin, don tururi na sulalewa ta ƙaramar kafa. Kofin roba yana yawo a kan ruwa, dogon kofi kuma yana taɓa leda. Lokacin hunturu hazo yana rage rana, gara a bari sai Maris ko Afrilu, ko a ɗora ƙanƙara a kan ledar.

Sai magangarar ruwa. Ƙasar Zariya shimfiɗaɗɗiya ce, don haka a gina magangarar a filin makaranta. A tara jiƙaƙƙen yashi da laka tsawon taƙi ɗaya, a ɗora faffaɗan dutse a kai, bakinsa daidai da gefen tudun. A tsiyaya ruwa da buta a hankali. Ruwan zai haƙa gurbi a ƙasa, ya cinye yashin da ke ƙarƙashin dutsen har dutsen ya rasa madogara ya rufta. Haka magangara ke ja da baya cikin dubban shekaru. In aka kwarara ruwan gaba ɗaya, tudun zai rushe kafin yara su ga komai.

Bayan haka a nuna musu hoton Matsirga ta kusa da Kafanchan da Gurara ta Jihar Neja. A taswira kuma su bi ruwan da ya sauka kan dutsen Kufena da yatsa: Kogin Kubanni, Kogin Galma, Kogin Kaduna, Kogin Kwara, har Tekun Atlantika. Malam, kada a kai yara bakin kogi a watan Agusta. A jira ruwa ya janye a Nuwamba.