Yadda za ka zana salsalar sarauniya Henrietta Maria kanka bai juye ba

Yaranmu masu karatun tarihin Turai a jami'a nan Madani da Sinnar a Sudan kullum kukansu ɗaya ne, wai sunayen gidan sarautar Ingila maimaici ne, Charles biyu, Mary biyu, Henrietta biyu. To mushkilar ba ta sunaye ba ce, daga kan sarakuna kuke farawa shi ya sa. Ku fara da matar, yani Henrietta Maria sarauniyar Ingila, ku bi ta yadda tsofaffinmu na Mai Wurno ke lissafa dangi ɗaki ɗaki, halas.

Ka samu bayan tsohuwar kalanda da biro kala biyu. A tsakiya ka rubuta Henrietta Maria, 1609 zuwa 1669. Samanta ka sa babanta Henry na 4 sarkin Faransa, wanda aka kashe a 1610 tana jaririya, da mamanta Marie de Medici 'yar Italiya. A layinta kuma yayanta Louis na 13 da yayarta Elisabeth wadda ta auri sarkin Sifen. Duk 'yan gidansu da jan biro.

Sai ka ɗauko shuɗi ka ja layi zuwa mijinta Charles na 1 sarkin Ingila, an ɗaura a 1625 tana 'yar shekara 15. Kusa da sunanta ka rubuta Katolika da manyan baƙi, don nan rigimar take, mutanen mijin Furotesta ne kuma ba su taɓa sakin jiki da ita ba, ko naɗin sarautar ma ƙin yarda ta yi a yi mata a cocinsu. Da yaƙin basasa ya taso ita ce ta je Holan a 1642 tana jinginar da kayan ƙawa don a sayo makamai, a 1644 ta gudu gida Faransa, a 1649 aka fille wa mijin kai. Ni dai ina ganin matar nan ta fi shi zuciya.

'Ya'ya tara ta haifa amma kar ka cika takarda, huɗu sun ishe ka. Charles na 2, Mary, James na 2, da auta Henrietta takwararta. Ƙasan Charles ka bari fayau, bai samu ɗa da matarsa ta aure ba, shi ya sa sarauta ta faɗa hannun ƙaninsa James a 1685.

Yanzu inda ake ɓata, ka natsu. Mary ta auri William na Orange a Holan ta haifi William ƙarami, James kuma ya haifi 'ya ya sa mata Mary, sai aka haɗa su aure a 1677, yani ɗan mace da 'yar namiji, taubasai, auren zumunci sak irin namu. Ka ja layi mai lanƙwasa ka haɗa su. Wannan William ƙaramin ne a 1688 ya ƙetaro da runduna ya kori James daga mulki, kawunsa kuma surukinsa fa! Ita ma auta ɗan kawunta Philippe ta aura a 1661, ɗan Louis na 13 kuma ƙanin Louis na 14 sarkin Faransa, nan jan biro da shuɗi za su sake haɗewa, don haka tun farko ka bar fili a gefen Faransa kar layin ya bi ta kan sunan wani.