Wane kwafi ka kalla? Kurakuran masu nazarin fina-finan leƙen asiri na ƙetare

Duk shekara idan lokacin rubuta kundin digiri ya zo a Jos, sai an samu ɗalibin fim ko na aikin jarida da ya ɗauko wani fim mai dogon zango na leƙen asiri ya ce shi zai nazarta: yadda aka shirya shi, da yadda mutanen gari suka karɓe shi. Wannan ya ɗauko Fauda, wancan Teşkilat, waccan Tehran. Zaɓin ba shi da laifi. Abin da ya gundure ni shi ne sunan fim kawai ke canzawa, kurakuran suna nan yadda suke, har mutum ya iya faɗin abin da ke shafi na 40 tun bai buɗe kundin ba.

Babbansu, wanda yake rusa aikin shekara guda a zama ɗaya, shi ne rashin sanin wane kwafi aka nazarta. Ɗalibi zai rubuta cewa a kashi na 14, minti na 20, jarumin ya ce kaza. Kashi na 14 na wa? Teşkilat fim ne na Turkiyya da tashar TRT 1 ta fara nunawa a watan Maris na 2021, kuma kamar sauran fina-finan Turkiyya irinsa, kashi ɗaya a gida yakan haura awa biyu. Idan za a sayar da irin waɗannan fina-finai ga ƙasashen waje ana daddatsa su zuwa kusan minti 45, kashi ɗaya ya haifi uku. Wanda ya ɗora a YouTube ya sake yankawa yadda ya ga dama, mai shagon turi kuma ya ba fayil ɗin lambar da ta zo masa a ka. Ranar kare kundi malami ya buɗe nasa kwafin a kashi na 14, ya tarar da wani labari daban. Daga nan duk abin da ka faɗa an daina yarda da shi, ko da gaskiya ne.

Lamba ma sauƙi ce. Inda gizo ke saƙar shi ne maganar da ke bakin 'yan wasa. Fim ɗin da ya iso wayar wani matashi a Anguwar Rogo ta Jos ya bi ta hannu biyu ko uku. Marubuci ya rubuta da Turkanci ko Ibraniyanci. Wani ya mayar da shi rubutun ƙasan allo da Turanci, kuma wannan rubutun dole ya taƙaita magana, domin layi biyu kawai yake ɗauka, a ƙa'idar Netflix ma kowane layi ba ya wuce harafi 42. Sannan mai ɗora muryar Hausa, wanda ba lallai ne ya ji harshen asali ba, ya ɗauko daga Turancin ya zuba nasa gishirin: karin magana a nan, habaici a can, wani lokaci har da barkwancin da babu shi ko kusa a asali. Aikinsa ke nan, kuma shi ya sa ake son sa. Amma sai ka ga ɗalibi ya cika shafi biyar yana fashin baƙin “hikimar marubucin Turkiyya” a kan jumlar da wani bawan Allah ya ƙirƙira a wani ɗakin ɗaukar murya a Kano.

A Fauda abin ya fi haka muni. Fim ne na Isra'ila da ya fara fita a 2015, labarin rundunar da ke sajewa da Falasɗinawa, kuma ana magana a cikinsa da harshe biyu, Ibraniyanci da Larabci. Lokacin da jami'i ya bar wannan harshe ya koma wancan, a nan ne ya sauya fata, a nan tsoro yake, don kuskuren lafazi ɗaya zai iya tona shi. Sunan fim ɗin ma kalmar Larabci ce mai nufin hargitsi, wadda suke faɗa idan asirinsu ya tonu. Wanda ya kalli kwafin da aka ɗora wa murya da harshe ɗaya tal bai ga wannan sauyin ba sam. Ta yaya zai yi babi guda a kan ɓad-da-kama a fim ɗin?

Ni dai ga yadda nake so a yi, ko da wasu za su ce takura ce. Kafin a rubuta kalma ɗaya, a buɗe shafi a jera kowane fayil: sunansa yadda ya zo, inda aka samo shi, tsawonsa da minti da daƙiƙa, harshen murya, harshen rubutun ƙasa, da tambarin da ke jikin hoton idan akwai. A ajiye kwafin a filash biyu, don abin da ke YouTube yau gobe ana iya sauke shi. Idan za a kawo misali, a bayyana fitowar, wato sin ɗin, da kalmomi, wa ke magana da wa, a ina, sannan a ba da minti a kwafin asali da kuma a kwafin da mutane suka kalla. Daga nan a zaɓi fitowa uku, kowace ba ta wuce minti biyar ba, a rubuta su a jere gida uku: asali, Turanci, Hausa. Don gidan farko dole a zauna da mai jin harshen. Mai jin Faransanci ba ya wuya a jami'a. Turkanci sai an nemi wanda ya yi karatu a can. Larabci kuwa a yi hattara: na Fauda karin Falasɗinawa ne, malamin da ya ƙware a nahawu zai iya cewa rabinsa ya wuce shi, kuma ba gazawarsa ba ce.

Akwai ƙananan da ba sa buƙatar dogon bayani. A daina kiran zango “kashi” a shafi ɗaya a kira shi “fitowa” a na gaba. A daina rubuta shekarar da Netflix ya ɗauki fim a matsayin shekarar da aka yi shi. A daina haɗa Homeland da Hatufim kamar abu ɗaya, na biyun shi ne na Isra'ila na 2010, na farkon kuma Amurkawa ne suka sake ginawa a kansa a 2011. Taƙaita labari kuma ba nazari ba ne, shafi ɗaya ya ishe shi.

Sai ɓangaren shiryawa. Kuskuren a nan shi ne a ɗauki fim a matsayin shaidar yadda hukumar leƙen asiri take aiki, a manta da tambayar wa ya biya kuɗin. TRT tashar gwamnatin Turkiyya ce, Teşkilat kuma labarin hukumar leƙen asirin ƙasar ne, wato MİT. Wannan bai mayar da fim ɗin ƙarya ba, amma ya gaya maka wanda ba za a taɓa nunawa a matsayin mugu ba. Lior Raz, wanda ya ƙirƙiri Fauda tare da ɗan jarida Avi Issacharoff kuma ya fito a matsayin jarumi, ya yi aikin soja a irin rundunar da fim ɗin ke nunawa. Le Bureau des Légendes na Faransa, wanda Éric Rochant ya jagoranta daga 2015 zuwa 2020, zango 5, kashi 50, na Canal+ ne, tashar da masu biyan kuɗin wata ke riƙe da ita, don haka yana da sararin tafiya a hankali da tashar da ke rayuwa da talla ba za ta lamunta ba. Tasha da masu shiryawa duk suna cikin jerin sunayen da ke fitowa a farko da ƙarshen fim, wanda kowa ke tsallakewa, kuma masu turi kan yanke shi don rage nauyin fayil. Ka nemo kwafin da yake da shi, ka tsayar da hoto, ka kwafe sunan tasha, kamfani, furodusa, marubuta da wurin ɗauka. Da an yi haka da ba a riƙa ganin sakin layi a kan “kyawun titunan Tehran” ba. Fim ɗin Tehran na tashar Kan 11 ta Isra'ila ne, ya fita a 2020, kuma a birnin Atina na ƙasar Girka aka ɗauki abin da kake gani a matsayin Iran.

Yanzu ga wanda yake ɓata mini rai fiye da kowanne, wato yadda ake auna karɓuwa. Ɗalibi zai buga takardar tambayoyi ɗari, ya raba wa 'yan ajinsu a harabar Jami'ar Jos da ke Naraguta, rabi ba su taɓa kallon fim ɗin ba amma suka cike don kunya, ya zana da'ira mai launi, ya rubuta “mutanen Jos”. Ko kuma ya kwashe sharhin da ke ƙarƙashin bidiyo a YouTube, alhali bai san ko mai rubutun yana Gangare ko yana Jidda ba. Adadin kallo ma ba adadin mutane ba ne. Kwafi ɗaya da aka sauke a shago zai iya shiga memori hamsin ba tare da lambar ta motsa ba, Netflix kuwa jerin goman farko na ƙasa yake fitarwa, ba ya cewa ga abin da Jos ta kalla. Haba, wannan ai shuka dusa ce.

Wanda ya yi ƙoƙarin fita gari kuma sai ya shiga da ƙafar hagu. Ya isa shagon turi a Terminus, mai shago na zaune bayan kwamfuta, wayoyi shida a jone, yara na jira. Ya zaro takarda mai tambarin makaranta, a samanta an rubuta “leƙen asiri” da manyan baƙaƙe, ya ɗora waya a kan tebur tana ɗaukar murya, ya ce: “Wane fim ɗin Isra'ila aka fi saya a nan?” Mai shago ya kalli takardar, ya kalli wayar, ya ce: “Wallahi Malam, mu waƙoƙi kawai muke turawa.” Shi ke nan, an rufe ƙofa. Mutumin nan yana sayar da kwafin da ba shi da lasisi, a garin da ya ga tashin hankali, kai kuma ka zo masa da kalmar da ta fi kowace kama da aikin jami'an tsaro. Me kake so ya ce?

Ka je sau biyu ko uku a matsayin mai saye tukuna. A tura maka fim, ka biya, ka zauna a benci ka ji abin da mutane ke tambaya da sunan da suke kiran fim ɗin, don sau da yawa da sunan jarumi ake neman sa. Ran da za ka faɗi abin da ya kawo ka, ka faɗa a fili cewa aikin makaranta ne, ka nemi izini kafin ka ɗauki murya, kuma sunansa da na shagonsa kada su shiga kundi ko da ya ce ba komai.

Zaman tattaunawa kuma mutum shida zuwa takwas ya isa, waɗanda dama tare suke kallo. Ni ba na haɗa Musulmi da Kirista a zaman farko idan fim ɗin Fauda ne ko Tehran. Wasu malamai na ganin haɗawar ita ce daidai, amma abin da ake samu a irin zaman shi ne ladabi: kowa na tauna magana don kada ya ɓata wa maƙwabci, a tashi ba a faɗi komai ba. A yi daban-daban, in ya so a haɗa daga baya. Haka dattijo da samari, in ya yi magana sun yi shiru. Mata da yawa a waya suke kallo a cikin gida, ba za ka same su a shago ba, sai ka nemi ɗaliba ta shiga ta yi zaman da su, in ba haka ba ka rubuta a sarari cewa maza kawai ka ji.

Kada ka tambaya “Fim ɗin ya burge ka?” Amsar ita ce e. Ka nuna fitowa ɗaya ta minti biyar daga kwafin da su suka sani, ka ce wani ya ba da labarinta kamar yana ba wanda bai kalla ba. Dabarar da manazarta Tamar Liebes da Elihu Katz suka yi amfani da ita ke nan a nazarinsu na 1990 a kan masu kallon Dallas, wani fim mai dogon zango na Amurka, kuma har yau tana aiki. Wanda mutum ya kira “namu”, wanda ya kira “mutanen nan”, abin da ya tsallake, a nan karɓuwar take. Za ka ji wanda ya tsani siyasar fim amma yana son jarumin, ya kwana yana kallo. Rabe-raben masu kallo guda uku na masanin al'adu Stuart Hall, mai yarda da saƙo, mai yarda da wani ɓangare, da mai ƙin sa, suna da amfani, amma mutum ɗaya zai iya ratsa ukun a cikin minti goma, don haka kada a tura kowa cikin akwati ɗaya a rufe.

Kuma a daina ɗauka cewa kyautar da fim ya ci ita ce karɓuwarsa. Deutschland 83 ya fara fita a Amurka a tashar SundanceTV a watan Yunin 2015, ya samu yabo, ya yi kasuwa a Channel 4 ta Ingila, ya ci kyautar Emmy ta ƙasa da ƙasa a 2016, amma a gida Jamus da RTL ta nuna shi masu kallo raguwa suka riƙa yi mako bayan mako. Idan fim zai yi haka tsakanin Landan da Balin, ba dalilin da zai sa a ɗauko sharhin jaridar Turai a liƙa wa unguwar Dilimi ta Jos.

Wajen ɗaukar muryar zaman, a sa waya a yanayin jirgin sama don kira ɗaya yana katse ɗauka, a nisanci janareto, a sa kowa ya faɗi lambar da aka ba shi kafin ya fara magana. A rubuta hirar da Hausar da aka yi ta a daren ranar, tun ana tuna wa ya yi dariya a ina, fassara zuwa Turanci ta biyo baya a gefe.