Yadda za ka tsare ma'aunin lissafin bankinka kafin mai bincike ya iso

Wanda ya saba auno hatsi a tsohuwar kasuwar Sakkwato ya san bayan an gama ciniki sai an leƙa gindin mudu. Mudun da aka buga wa gindi yana iya shekara yana cin haƙƙin mutane ba wanda ya lura. Bankuna ma da nasu mudun, wato lissafin da ake ɗora wa kwamfuta ta faɗi wa ya cancanci rance, nawa za a ware saboda bashin da ba zai dawo ba, wace hada-hada ce ke warin zamba. Ma'aikatan banki model suke ce masa. Ni ma'auni zan kira shi a nan.

Akwai manhajojin da aikinsu ke nan, kula da waɗannan ma'aunai. Kamfanoni irin su SAS da IBM suna sayar da su, kuma a 'yan shekarun nan sun ƙara musu abubuwa: ƙararrawa idan ma'auni ya fara kauce hanya, jera dokoki kusa da kowane ma'auni, har da rubuta rahoto da ƙirƙirarriyar basira. Ko ƙaramin banki kake yi wa aiki, ko kamfanin ba da rance ta waya, ga yadda za ka ci moriyarsu. In babu kuɗin sayen manhaja, rabin aikin nan ana yin sa da Excel da littafin rajista.

Mataki na farko: ƙidaya abin da kake da shi

Buɗe rajistar da ke cikin manhajar, ka shigar da kowane ma'auni: sunansa, wa ya gina shi, wa ke amfani da shi, da wane bayani aka koyar da shi, yaushe aka taɓa shi na ƙarshe. Sababbin manhajojin suna iya zaƙulo wasu da kansu daga rumbun kwamfutocin banki, amma ba za su ga wanda ke ɓoye a kwamfutar akawun reshe ba. Wannan sai ka taka da ƙafarka, ofis ofis, kana tambaya: "Malam, wannan adadin daga ina yake fitowa?" Za ka sha mamakin yawan hukuncin da ke rataye a wuyan fayil ɗin Excel guda, wanda mai shi ya bar aiki tuni.

Kada ka raina irin wannan fayil. A 2012 bankin JPMorgan ya yi asarar sama da dala biliyan 6 a reshensa na Landan, kuma binciken da bankin ya yi wa kansa ya gano cewa ma'aunin da ke auna hatsarin cinikin yana tafiya ne a kan Excel, ana kwafe lambobi da hannu, ga wani gurbi da ke raba adadi da jimla maimakon matsakaici. Hatsarin ya fito ƙarami a takarda, alhali ba haka yake ba.

Ka sa har da ma'aunan da kuka saya ko kuke haya daga waje, da makin da kuke karɓa daga kamfanonin tarihin bashi irin su CRC da FirstCentral.

Mataki na biyu: ware manya da ƙanana

Manhajar za ta nemi ka ba kowanne matsayi. Tambaya biyu ta wadatar: in ya yi kuskure, nawa za a yi asara, kuma mutum nawa za a zalunta? Ma'aunin ba da rance da na ware kuɗin asara su ne a sama. Na hasashen takardar da za a saya wa ofis, bar shi a ƙasa ka wuce.

Mataki na uku: nemo wanda zai ce a'a

A nan aikin yake. A 2011 babban bankin Amurka ya fitar da wata ƙa'ida mai lamba SR 11-7, wadda yawancin manhajojin nan a kanta aka gina su, kuma hukumar da ke sa ido kan bankunan Ingila ta fitar da tata, SS1/23, a 2023. Jigon duka biyun ɗaya ne: wanda ya gina ma'auni ba shi zai ba shi shaida ba. Dole wani daban, mai sani kuma mai ikon a saurare shi, ya ƙalubalance shi ta fuska uku. Tunanin da aka gina shi a kai daidai ne? Har yanzu yana aiki yadda aka nufa? Abin da ya yi hasashe bara, shi ne ya faru?

A cikin manhajar akwai inda ake tsara wannan zagaye: mai gini ya miƙa, mai tantancewa ya duba, shugaba ya sa hannu. Ka kulle ta yadda mutum ɗaya ba zai riƙe biyu daga cikin mukullan nan ba, ko da shi ne manaja.

Na ga amfanin wannan da idona. A wani wuri da na yi aiki an kawo mana ma'aunin rance daga Legas, an koyar da shi da bayanan masu albashi. Duk manomin albasa daga Wurno ko Goronyo da ya zo, sai ya ba shi maki ƙasa. Dalili? Asusunsa yana yin wata huɗu ko biyar ko kwabo bai shiga ba. Wani dattijo da muka shekara muna hulɗa da shi ya zauna gaban teburina, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya ce: "Yaro, albasata tana cikin rudu. Kana so in sayar yanzu da take arha don in burge na'urarka?" Gaskiyarsa. Manomin da ya iya jira har kaya su yi tsada shi ne ya fi iya biyan bashi, ma'aunin kuwa shirun asusunsa yake karantawa a matsayin talauci. Haka mai kiwon ragunan layya, wanda cinikinsa na shekara yake tattaruwa a mako biyu. Babu manhajar da za ta gaya maka wannan. Abin da za ta yi maka shi ne ta ba ka gurbin da za ka rubuta iyakar ma'aunin, cewa ba a amfani da shi kan masu samun kuɗi na kaka, ta kuma hana a rufe batun sai an gyara.

Mataki na huɗu: kunna ƙararrawa

Cikin sababbin abubuwan, wannan ya fi burge ni. Manhajar tana kwatanta mutanen da ke neman rance yau da waɗanda aka koyar da ma'aunin da su, ta fitar da lamba guda da ake kira PSI, mai nuna girman bambancinsu. Al'adar masu aikin ita ce: ƙasa da 0.1 lafiya lau, tsakanin 0.1 da 0.25 a sa ido, sama da 0.25 a zauna a duba.

Tuna 2023 kawai. Farkon shekara takardar naira ta yi wuya saboda canjin kuɗi, mutanen da ba su taɓa tura kuɗi ta waya ba suka fara. A ƙarshen Mayu aka cire tallafin mai, a Yuni aka saki naira ta nemi farashinta. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli aka rufe iyaka, 'yan kasuwar Illela suka zauna har Maris na 2024. Ma'aunin da aka gina da bayanan 2021 wata duniya ya sani.

Ka raba ƙararrawar reshe reshe. In ka haɗa Illela da cikin gari a lissafi ɗaya, masu albashin sakatariya za su rufe abin da ke faruwa a bakin iyaka. Sannan ka rubuta sunan mutum ɗaya da saƙon zai je wa, da kwanakin da aka ba shi ya amsa. Saƙon da aka tura wa "sashe" kowa zai ɗauka ɗan'uwansa ya gani.

Mataki na biyar: ɗaura kowane ma'auni da dokarsa

Manhajojin suna zuwa da kundin dokoki a shirye. Buɗe shi ka gani: za ka tarar da na Amurka, da na Ingila, da dokar Tarayyar Turai kan ƙirƙirarriyar basira da ta fara aiki a Agustan 2024, wadda ta sa ma'aunin ba mutane rance cikin masu babban hatsari. Namu na gida kuwa, ka tambayi mai sayarwa ya nuna maka su a allo kafin ka biya. In babu, da hannunka za ka shigar da takardun umarnin Babban Bankin Najeriya da suka shafi irin lasisinku.

Biyu kada su wuce ka. Ƙa'idar lissafin kuɗi ta duniya, IFRS 9, da ta fara aiki a 2018, ta ce a ware kuɗin asara tun kafin bashi ya lalace, kuma kwana 30 da kwana 90 na jinkirin biya su ne alamomin da aka saba sauya wa bashi mataki da su. Sai dokar Najeriya ta kare bayanan jama'a ta 2023, wadda ta ba mutum haƙƙin kada na'ura ita kaɗai ta yanke masa hukunci mai nauyi, ya nemi ɗan Adam ya sake dubawa. Saboda haka ka kunna sashen da ke bayyana dalilin maki, ka kuma mayar da dalilan nan Hausar da jami'in rance zai iya faɗa wa Hajiya mai ƙuli-ƙuli ta gane.

Mataki na shida: rahoton da na'ura ta rubuta

Yana rage wahala ƙwarai, aikin mako ya koma na yini. Amma na'urar tana rubutu da ƙarfin gwiwa ko ta sani ko ba ta sani ba. Na taɓa karanta wanda ya ce an yi wani gwaji alhali ba a yi ba. Duk adadin da ke ciki ka bi shi har tushe kafin ka sa hannu. Ka tambaya kuma ina bayanan abokan hulɗarku ke zuwa idan ka danna maɓallin rubuta rahoton, domin dokar 2023 ta sa sharuɗɗa kan fitar da su ƙasar waje. Ita kanta wannan basirar ma'auni ce, ka koma mataki na farko ka yi mata rajista.

Mataki na bakwai: gwada kanka

Duk sanda jami'i ya tsallake hukuncin ma'auni, ya ba wanda aka hana ko ya hana wanda aka ba, a rubuta dalili a manhajar. Bayan wata uku ka tattara su. In reshe ɗaya ya cika tsallakewa, ko ma'aunin bai san mutanen wurin ba, ko akwai sanayya a ciki, kuma yadda bashin ya dawo zai nuna maka wanne ne.

Daga nan ka sa wani abokin aiki ya zauna kujerar mai bincike. Ya zaro fayil ɗin rance ɗaya na wata shida baya, ya tambaye ka wane zubin ma'auni ne, tsoho ko sabo, ya yanke shi, wa ya amince da zubin, yaushe aka tantance shi, me aka gaya wa mai nema. Ka duba agogo. In ka wuce rabin awa kana kiran waya, ka rubuta tambayar da ta tsayar da kai, da ita za ka fara ranar Litinin.