Yadda sabuwar ikkilisiya za ta fara kula da yaran unguwa

'Yan'uwa, idan an tura ku buɗe ɗakin addu'a a sabuwar unguwa, irin su bayan Gonin Gora ko can gefen Kamazou inda garin Kaduna ke ta faɗaɗa, yara ne za su fara leƙowa tun kafin iyayensu. Mu 'yan Zumuntar Mata mun sha ganin haka. Wuyar aikin ita ce abin da za a yi da su bayan sun zo, kuma yawancin shawarata daga tarihin aikin bishara a Indiya na samo ta, don sun riga mu shan wannan gwagwarmaya.

Ku fara da gaisuwa. A je wurin mai unguwa, fasto da dattijo ɗaya da mace ɗaya, a faɗa masa abin da ya kawo ku. Daga nan a bi gida gida da littafi: sunan yaro, wa ke riƙonsa, yana makaranta ko an koro shi don kuɗi, an yi masa rigakafi ko ba a yi ba. Littafin nan ya zauna a hannun mutum biyu kawai, don asirin gidajen mutane ne a ciki.

Da kun gama zagayen, wani zai ce a gina gidan marayu. Kada ku yi gaggawa. Amy Carmichael, 'yar Ayalan da ta zauna a Dohnavur, kudancin Indiya, ta fara karɓar yara a 1901, lokacin da wata yarinya mai suna Preena ta gudo wurinta daga hidimar haikali. Irin waɗannan yara ba su da gidan da za a mayar da su lafiya. Duk da haka ba ta tara su a babban ɗaki ɗaya ba. Ta raba su ƙananan gidaje, kowane gida da mace 'yar ƙasa mai riƙonsu, ita kanta kuma ta sa suturar matan wurin, yara suna kiranta Amma, wato uwa, har ta rasu a can a 1951. Mu nan Kaduna, marayunmu da yawa suna da kaka ko goggo ko kawu. Abin da ya gagari kakar shi ne kuɗin makaranta da kwanon masara. To a taimaki kakar, yaro ya zauna cikin danginsa da yarensa.

Idan kuwa an tsinci yaro, ko aka ga ana azabtar da shi, ba ku da ikon ɗauke shi da kanku, kome kyan niyyarku. Jihar Kaduna tana da dokar kare yara tun 2018. A sanar da 'yan sanda da jami'an jin daɗin jama'a, a bar takarda ta yi aiki.

Ga wurin da nake da taurin kai: kada a ɗaura abinci da zuwa sujada. A Indiya zargin sayen mutane da shinkafa ya daɗe yana bin masu bishara, har jihar Odisha ta kafa dokar hana sauya addini ta hanyar kwaɗaitarwa a 1967, wasu jihohi suka bi sahu. Mu da muke katanga ɗaya da maƙwabta Musulmi, wannan ba abin wasa ba ne. Idan darasin karatu da lissafi ne ranar Asabar, ya tsaya a nan, kowane yaro ya sha kununsa ya koma gida. Makarantar Lahadi daban take, kuma sai da yardar iyaye baki da baki.

A ajin ma, manya biyu kullum, ƙofa a buɗe. Hoton yaro cikin tsumma kuma ba na Facebook ba ne.

Waɗanda suka fara girma, a nema musu sana'a. Pandita Ramabai, ita 'yar Indiya ce haifaffiya, ta tattara gwauraye da 'yan mata lokacin yunwar 1896 zuwa 1897, ta zauna da su a Kedgaon kusa da Pune, inda suka koyi saƙa da noma da aikin ɗab'i. Ku ba ku buƙatar sayen keken ɗinki ko ɗaya. Cikin membobi akwai tela, akwai kafinta, akwai mai gyaran waya. A roƙe su kowa ya ɗauki yaro guda, ikkilisiya ta biya kuɗin mota.

Sai kuɗi. A 2017 ƙungiyar Compassion International mai tallafa wa yara ta rufe aikinta a Indiya bayan gwamnati ta tsaurara dokar shigo da kuɗi daga waje, yara sama da dubu ɗari suka rasa tallafi. Don haka nake cewa a auna aikin daidai ƙarfin aljihun ikkilisiya. A ware baiko na musamman Lahadi ɗaya a wata, mata su riƙa kawo mudun hatsi bayan kaka, ma'aji ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban jama'a. Idan abin da aka tara na yara biyar ne, a ɗauki biyar, sauran sunaye su jira a littafi zuwa zangon karatu na gaba.