Yadda Ake Auna Shawarar Ƙungiya Kan Masu Cafe Ƙwallo a Gasar NFL: Misalin Kansas City Chiefs

A watan Maris na shekarar 2022, ƙungiyar Kansas City Chiefs ta miƙa mai cafe ƙwallonta Tyreek Hill ga Miami Dolphins, alhali yana ɗan shekara 28, yana kan ganiyarsa, kuma da wuya a sami ɗan wasan da ya fi shi gudu a duk gasar ƙwallon Amurka ta NFL. Wanda ya saba da ƙwallon ƙafa ta Turai zai fara tambayar nawa aka saye shi, kuma amsar ita ce ba a biya kuɗin sayensa ba, domin a wannan gasa musaya ake yi da 'yan wasa ko da damar zaɓen sababbin 'yan wasa. Dolphins ta ba da damar zaɓe guda 5, sannan ta ƙulla sabuwar yarjejeniya da Hill ta shekara 4 a kan dala miliyan 120. Duk mai son ya gane dalilin da ya sa ƙungiya mai neman kofi za ta rabu da irin wannan ɗan wasa, dole ne ya koyi bin lissafin da shugabanninta suke bi, kuma wannan lissafi abu ne da mai kallo zai iya koyo daga gida.

Abu na farko shi ne sanin aikin da ake biyan kuɗin a kansa. A ƙwallon Amurka kowane ɓangare yana da mutum 11 a fili, kuma idan ƙungiya tana kai hari, mai jefa ƙwallo ne yake jagoranci, masu cafewa kuma su ne suke tsayawa a gefe, su ruga cikin gidan abokan hamayya ta hanyoyin da aka tsara tun a atisaye, su kuɓuce wa masu tsaronsu, su cafe ƙwallon da aka jefo. Ƙungiya tana shiga sansanin horo da mutum har 90, amma a ƙarshen watan Agusta sai ta rage su zuwa 53, kuma a cikin waɗannan galibi masu cafewa 5 zuwa 7 ne kawai suke samun gurbi. Saboda haka, idan ka ji an ɗauko sabon mai cafewa, ka fara da ƙirga waɗanda suke nan, ka tambayi kanka wane ne zai rasa wurinsa, domin gurbin ba ya ƙaruwa.

Bayan haka sai ka nemi iyakar albashi ta wannan shekara, wadda ita ce ginshiƙin komai. Gasar tana ƙayyade adadin kuɗin da kowace daga cikin ƙungiyoyi 32 za ta iya lissafawa a kan albashin 'yan wasanta a shekara guda, kuma attajirin mai ƙungiya ba shi da ikon tsallake wannan iyaka komai yawan dukiyarsa. A 2022 iyakar ta kasance dala miliyan 208.2, a 2023 ta kai miliyan 224.8, a 2024 miliyan 255.4, a 2025 kuma miliyan 279.2. Abin da ya kamata ka yi shi ne ka raba albashin ɗan wasa na shekara da iyakar shekarar da aka sa hannu. Dala miliyan 30 na Hill a 2022 sun haura kashi 14 cikin 100 na iyakar, wato kusan kashi ɗaya cikin bakwai na kuɗin mutum 53 a hannun mutum ɗaya. Shi ya sa bai dace a kwatanta kwantiragi da kwantiragi ta hanyar duba dala kawai ba: lokacin da Justin Jefferson na Minnesota Vikings ya karɓi dala miliyan 35 a shekara a 2024, kasonsa na iyakar bai kai na Hill ba, duk da cewa kuɗinsa sun fi yawa a ido.

Daga nan sai ka duba wanda ya riga ya ci babban kaso a ƙungiyar. A 2020 Chiefs ta tsawaita kwantiragin mai jefa ƙwallonta Patrick Mahomes da shekara 10 a kan dala miliyan 450, kuma tana biyan babban mai cafe mata ƙwallo Travis Kelce da ɗan bayanta Chris Jones kuɗi masu nauyi. Dolphins kuwa a lokacin tana da mai jefa ƙwallo Tua Tagovailoa a kan kwantiragin sabon shiga, wanda yake da arha ƙwarai idan aka kwatanta da na manyan masu jefawa. Wannan bambanci shi ne ya sa abin da ya yi wa Chiefs tsada ya zo wa Dolphins daidai, kuma a ganina duk sharhin da bai fara daga nan ba ya bar asalin maganar a baya. Ƙungiyar da take da mai jefawa mai arha tana da 'yan shekaru na sararawa da za ta iya sayen taurari su kewaye shi. Wadda ta riga ta biya nata kuma dole ta yi tsimi a wani wuri.

Wurin da ya fi buƙatar natsuwa shi ne karanta kwantiragin kansa, domin adadin da jaridu suke bugawa a kan gaba sau da yawa ba shi ne abin da ɗan wasa zai karɓa ba. Mafi yawan kwantiragin NFL ba a lamunce su gaba ɗaya, kuma ƙungiya tana iya sallamar ɗan wasa ta daina biyan duk abin da ba ta yi alkawarin tabbas a kansa ba. A cikin dala miliyan 120 na Hill, miliyan 72.2 ne aka ba da tabbacinsu, kuma shekarar ƙarshe ta yarjejeniyar an ɗora mata albashin da ya haura miliyan 40, wanda duk masu bin harkar suka san ba za a biya shi a haka ba. Amfaninsa shi ne ya ɗaga matsakaicin shekara zuwa miliyan 30, a kira Hill wanda ya fi kowane mai cafewa albashi. Haka aka yi da Davante Adams, wanda Las Vegas Raiders ta karɓo daga Green Bay Packers a cikin watan nan na Maris a kan shekara 5 da dala miliyan 140, amma kafin a kai shekarun ƙarshe masu kumburi an riga an miƙa shi ga New York Jets a Oktoban 2024. Don haka ka ajiye jimillar a gefe, ka nemi kuɗin da aka lamunce, sannan ka nemi shekarar da lamunin yake ƙarewa, domin a nan ne ainihin wa'adin kwantiragin yake.

Akwai kuma kuɗin sa hannu, waɗanda ake biyan ɗan wasa nan take amma ake rarraba su a lissafin iyaka a kan shekarun kwantiragin, har zuwa shekara 5. A ɗauka ƙungiya ta biya dala miliyan 25 na sa hannu a kwantiragin shekara 5: kowace shekara za a lissafa mata miliyan 5. Idan ta sallami ɗan wasan bayan shekara 2, ragowar miliyan 15 za su faɗo mata gaba ɗaya, ta ci gaba da ɗaukar nauyin mutumin da ba ya buga mata wasa, abin da ake kira mataccen kuɗi. Dokar gasar ta ba da damar raba wannan nauyi a kan shekara 2 idan sallamar ta faɗa bayan ranar 1 ga Yuni. Idan kana son ka hango wanda za a sallama a bazara mai zuwa, ka cire mataccen kuɗinsa daga abin da zai ci na iyakar. Idan ragowar ta yi yawa, wasansa kuma bai kai ba, to ƙafarsa ɗaya tana waje. Marquez Valdes-Scantling misali ne: Chiefs ta ɗauke shi a 2022 a kan shekara 3 da dala miliyan 30, ya cafe ƙwallon da ta ba da maki a wasan ƙarshe na Fabrairun 2024, kuma kafin watan ya ƙare aka sallame shi, domin hakan ya buɗe wa ƙungiyar sararin dala miliyan 12.

Idan ka gama da kuɗi, sai ka koma ga abin da aka yi da damar zaɓen da aka karɓo. Kowace shekara a ƙarshen Afrilu ƙungiyoyi suna zaɓar matasa daga jami'o'i a zagaye 7, kuma kowane wanda aka zaɓa yana sa hannu a kan shekara 4 da albashin da aka riga aka ƙayyade, tare da zaɓin ƙara shekara ta biyar ga 'yan zagayen farko. Wannan ita ce hanya mafi arha ta samun ƙwararren ɗan wasa. Babban manajan Chiefs, Brett Veach, ya yi amfani da damar zagayen farko da ya samu daga Dolphins ya hau zuwa lamba 21 ya ɗauki Trent McDuffie, ɗan baya mai tsare masu cafewa, wanda ya shiga jerin gwanayen gasar a 2023. Wato wani ɓangare na ribar rabuwa da Hill ya tafi ne ga tsaron gida, kuma wanda ya tsaya duba jerin masu cafewa kawai ba zai gan shi ba. A ɓangaren cafewar kuwa, aikin mutum ɗaya aka rarraba wa mutane da yawa: JuJu Smith-Schuster a kan kwantiragin shekara 1, Valdes-Scantling don dogon jifa, Skyy Moore daga zagaye na biyu, da Kadarius Toney da aka karɓo daga New York Giants a Oktoba. A kakar 2022 Mahomes ya jefa yadi 5,250, aka zaɓe shi gwarzon gasar, Chiefs kuma ta doke Philadelphia Eagles da 38 da 35 a wasan ƙarshe na Super Bowl, inda Toney da Moore duka suka ci maki.

A nan ne nake so mai karatu ya yi hattara, domin nasara tana iya rufe aibi. Kakar 2023 ta nuna kuɗin da Chiefs ta biya a fili: Smith-Schuster ya tafi New England Patriots, masu cafewar da suka rage suka yi ta zubar da ƙwallo, har a wasan buɗe gasa wata ƙwallo ta zame daga hannun Toney ta faɗa hannun ɗan Detroit Lions ya ruga da ita ya ci maki, aka tashi 21 da 20. A daidai lokacin Hill yana Miami yana jagorantar gasar da yadi 1,799. Abin da ya ceci Chiefs shi ne ƙarfin tsaron gidanta, da Kelce, da sabon shiga Rashee Rice wanda ya cafe ƙwallo 79, da kuma dawo da Mecole Hardman daga Jets a tsakiyar kaka, wanda shi ne ya cafe ƙwallon da ta kawo kofi a kan San Francisco 49ers da 25 da 22. Moore da Toney ba su zama abin da aka yi fata ba. Shawarar rabuwa da Hill ta yi daidai, amma ba duk waɗanda aka kawo a madadinsa ne suka yi daidai ba, kuma mai sharhi na gaskiya yana auna waɗannan abubuwa biyu daban-daban.

Domin kada ka ɗauka cewa rabuwa da tauraro dabara ce da take yi wa kowa aiki, ka ajiye misalin Tennessee Titans a gefen na Chiefs. A daren zaɓen 2022 Titans ta miƙa A.J. Brown ga Eagles, wadda ta ba shi shekara 4 a kan dala miliyan 100, ita kuma ta ɗauki Treylon Burks da lamba 18 don ya maye gurbinsa. Brown bai kai shekara 25 ba a lokacin, Titans ba ta da mai jefawa irin Mahomes, ba ta da mai cafewa na biyu irin Kelce, ba ta kuma da mai tsara hari irin kocin Chiefs Andy Reid. A watan Disamba Brown ya ci maki sau 2 a kan tsohuwar ƙungiyarsa a wasa ɗaya, kuma bayan kwana 2 aka sallami babban manajan Titans, Jon Robinson. Saboda haka shekarun ɗan wasa suna cikin lissafi, tun da gudun mai cafewa yakan fara raguwa idan ya doshi 30, haka ma tambayar wane ne zai ɗauki nauyin idan ya tafi.

Ya kamata kuma ka riƙe kalandar gasar a kanka, domin kowane labari yana da lokacinsa. Daga tsakiyar Fabrairu zuwa farkon Maris ne ƙungiya take iya ɗora wa ɗan wasa ɗaya tambarin riƙewa, wanda yake tilasta masa zama na shekara 1 a kan albashin da aka ɗauko daga matsakaicin manyan masu buga matsayinsa, kamar yadda Cincinnati Bengals ta yi wa Tee Higgins a 2024 a kan dala miliyan 21.8. A tsakiyar Maris kasuwar 'yan wasan da kwantiraginsu ya ƙare take buɗewa, a Afrilu a yi zaɓe, a Agusta a yi rage, sannan a farkon Nuwamba a rufe ƙofar musaya. Wanda ya yanke wa ƙungiya hukunci a Maris ya yi gaggawa, domin jerin masu cafewa na ranar buɗe gasa ma ba shi ne na ƙarshe ba. A 2024 Chiefs ta ɗauki Marquise Brown a kan shekara 1, ta zaɓi Xavier Worthy da lamba 28 bayan ya kafa tarihin gudun yadi 40 a daƙiƙa 4.21, amma Brown ya ji rauni a kafaɗa tun kafin a fara gasa, Rice ya ji nasa a gwiwa a mako na huɗu, sai ƙungiyar ta koma kasuwa a Oktoba ta karɓo DeAndre Hopkins daga Titans, kuma da wannan jeri da aka yi wa kwaskwarima a tsakiyar hanya ta kai wasan ƙarshe karo na uku a jere, inda Eagles ta doke ta da 40 da 22 a New Orleans.